Yadda Ake Gane Gurneti Idan An Tsince Shi a Gona ko Cikin Gwangwan, da Abin da Ya Kamata a Yi

Bara, ana gab da faɗuwar damina, na je ƙauyenmu duba gonar gado da muka shekara uku ba mu noma ba saboda rashin tsaro. Ina zaune a zaure sai ɗan ƙanena, yaro ɗan shekara 11, ya shigo riƙe da wani abu a gefen rigarsa. Ya ce, "Kawu, dubi ƙarhen da na tsinta wajen sharar gona, nawa mai gwangwan zai saye shi?" Abu ne mai kamar ƙwan talo-talo, tsatsa ta ci rabinsa, sauran rabin kuma da ɗan ragowar koren fenti. A kansa akwai wani ɗan bututu siriri. Babu zobe, babu mariƙi. Har yau idan na tuna yadda yaron nan yake jujjuya shi a hannu, sai in ji gabana ya faɗi. Allah ya kiyaye, abin bai tashi ba, kuma masu kwance bam da suka zo bayan kwana biyu sun tabbatar mana gurneti ne mai rai.

Tun daga ranar nake bin wannan magana, ina tambayar waɗanda suka san aikin. Abin da na tattara shi ne zan shimfiɗa a nan, domin manomi da makiyayi da mai tsintar gwangwan da maƙeri, da kuma iyaye mata waɗanda yara ke fara kawo wa duk abin da suka tsinto.

Abin da za a fara sa wa a rai

A Amurka da Ingila akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin gurneti na yaƙin duniya, waɗanda aka riga aka kwashe musu nakiya. Suna jera su a kabad kamar yadda wani ke tara tsofaffin kuɗi. Suna da hanyoyin tantancewa: ƙasan gurnetin a huje yake ana hango cikinsa fayau, wani an buga masa tambarin INERT, wato marar nakiya, wani kuma yana tafe da takardar ƙwararre mai shaida cewa babu abin fashewa a ciki. Wasu matasanmu suna ganin hotunan nan a Facebook da TikTok, sai su ɗauka duk tsohon gurneti mai tsatsa haka yake, mushe ne. Wannan kuskure ne mai cin rai. Nasu ya bi ta hannun ƙwararre kafin ya iso kabad. Wanda ka gani a gonarka ko dai faɗuwa ya yi daga jikin mai shi, ko ɓoye shi aka yi, ko kuma jefa shi aka yi ya ƙi tashi. Duka ukun masu rai ne. Ko a can ɗin ma, hukumar tsaron filayen jiragen saman Amurka ba ta yarda a shiga jirgi da gurneti ko da na roba ne, domin ido ba ya iya rarrabewa.

Ga kuma doka. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta sa bam da gurneti cikin jerin makaman da aka haramta wa farar hula mallaka. A jiha irin tamu ta Zamfara, inda sojoji ke shingen bincike kusan kowace hanya, wanda aka samu da gurneti a jaka ba zai sami damar yin bayanin cewa na ado ne ba. Mai son ganin tsofaffin makamai ido da ido, akwai gidan tarihin yaƙi na ƙasa a Umuahia, jihar Abia, inda aka ajiye kayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Tsufa kuma ba ya kashe nakiya. Yaƙin duniya na farko ya ƙare a 1918, amma har gobe manoman arewacin Faransa da Beljiyam suna tono bama-bamai da garma, wasu kuma suna tashi. A nan gida, rumbun makaman barikin Ikeja ya fashe ranar 27 ga Janairu 2002, mutum fiye da 1,000 suka rasu, kuma bayan shekara 20 da ɗoriya, a 2023, sai da sojoji suka sake fitowa kwashe ragowar da ba su tashi ba. Tsatsa tana cin ƙarfen da ke riƙe da abin tayarwar, don haka tsohon ya fi sabon saurin fushi.

Mataki na farko: gane shi da ido, daga nesa

Ganewa aikin ido ne kawai. Hannu, ƙafa, sanda, kalme, babu wanda zai taɓa shi. Dalilin koyon siffofin nan ma guda ne, domin ka iya faɗa wa jami'ai abin da ka gani.

Gurnetin hannu yana da sassa uku da ake iya hangowa. Akwai gangar jiki, wadda ba ta wuce cikin tafin hannun babba ba. Akwai kai, wani ɗan ƙarfe ko bututu da ke fitowa a sama. Sai mariƙi, wani siririn ƙarfe mai kama da hannun cokali wanda ya kwanta daga kai ya biyo gefen jiki, tare da fil mai zobe da ya riƙe shi. Wannan zobe shi ne yake jan hankalin yara, domin kamar na makulli yake.

Siffar da aka fi sani ita ce mai jiki gutsi-gutsi kamar abarba ko gwandar daji. Irin wannan ya samo asali daga wanda Bature William Mills ya ƙera a Ingila a 1915, kuma sojojin ƙasashen da Ingila ta raina sun daɗe suna amfani da samfurinsa mai lamba 36. Na Rasha mai suna F-1 ma haka yake, sojojinsu suna ce masa ɗan lemun tsami. Nauyinsa gram 600, kuma ɓarɓashinsa kan kai mita 200. An ƙera shi a ƙasashe da dama, ya bazu ko'ina a Afirka, musamman bayan rumbunan makaman Libiya sun watse a 2011.

Siffa ta biyu, wadda ta fi yaudarar mutane, ita ce mai santsin jiki. RGD-5 na Rasha kamar ƙwai yake, da ɗan layi a tsakiya inda aka haɗa ɓari biyu, nauyinsa gram 310. Irinsa ne yaronmu ya tsinta. M67 na Amurka kuma dunƙulalle ne kamar ƙwallon goruba, kore irin na kakin soja da rubutu ruwan ɗorawa. Yana kisa a cikin mita 5, yana raunatawa a cikin mita 15, ɓarɓashinsa kuma kan tashi har mita 230. Idan tsatsa da laka suka rufe waɗannan, sai ka rantse wani ɓangaren injin babur ne ko na famfon ban-ruwa.

Akwai mai ƙotar katako kamar guntuwar muciya, wanda Jamus ta yi suna da shi a yaƙin duniya, Sin kuma ta ƙera nata daga baya. Akwai mai kamar gwangwanin madara ko na lemo, da ƙananan huji a sama ko ƙasa. Wannan yawanci na hayaƙi ne ko barkonon tsohuwa, amma kada a raina shi, domin wani nau'in yana ɗauke da sinadarin farin fosfaras wanda ke kama wuta da kansa da zarar iska ta taɓa shi, kuma yana cin nama har ƙashi.

Sai 'yan'uwan gurneti da ba da hannu ake jefa su ba, waɗanda a dazukanmu ma sun fi yawa. Akwai wanda ake harbawa da bindiga, mai faɗin milimita 40, gajere mai kumburin kai kamar ƙaton harsashi, sau da yawa kansa yana ƙyalli kamar zinariya. Masu kwance bam suna tsoronsa ƙwarai idan an harba bai tashi ba, domin ɗan juyi kaɗan ya ishe shi. Akwai kan roka na RPG, mai tsini gaba da kumburi a tsakiya da doguwar wutsiya. Akwai kuma harsashin igwa mai fukafukai a gindi kamar wutsiyar kifi. Hukuncinsu duka ɗaya ne da na gurneti.

Maganar launi tana buƙatar a tsaya a kanta, saboda nan masu ɗan sani suke halaka. A tsarin sojojin Yamma, kore da rubutu ko zobe ruwan ɗorawa na nufin mai nakiya, shuɗi kuma na atisaye ne. A tsarin Rasha, na atisaye baƙi ake shafa masa. Kun ga tun nan tsarin ya rabu biyu. Sannan rana da damina suna cinye fenti, kowa kuma yana iya sake shafa wani. Na atisayen ma yana da ɗan abin fashewa a kansa wanda ya isa ya cire yatsu. Ka lura da launin don ka ba da rahoto, amma kada launi ya sa ka miƙa hannu.

Abu na ƙarshe da za ka duba, idan ana hangowa ba tare da ka matsa ba: zobe da mariƙi suna nan? Idan suna nan, abin yana da haɗari. Idan babu su, haɗarin ya ninka, domin an riga an jefa shi, wani abu ne kawai ya maƙale a ciki, laka ko tsatsa. A ƙa'ida kusan daƙiƙa 3 zuwa 5 ne tsakanin sakin mariƙi da fashewa. Wanda ya maƙale yana iya ƙarasa aikinsa saboda ɗagawa, ko girgizar kofaton sa, ko zafin wuta.

Mataki na biyu: tsaya, ka koma ta inda ka fito

Da zarar idonka ya faɗa kansa, tsaya cak. Ɗaga murya ka gaya wa na kusa su tsaya inda suke, domin ɗabi'armu ce idan an ce "ku zo ku gani" kowa ya rugo. Dubi ƙasa kewaye da ƙafafunka. Inda aka sami ɗaya ana iya samun na biyu, musamman a tsohon sansanin 'yan bindiga, ko inda aka yi artabu, ko inda jirgi ya yi luguden wuta. Ka lura da waya ko zare da aka ja a ƙasa, da ƙasar da aka tona aka mayar, da kaya mai kyau da aka yar a inda bai dace ba, kamar rediyo ko jarka ko jaka. Tun bayan bama-baman da aka binne suka tashi da matafiya a hanyar Ɗansadau cikin ƙaramar hukumar Maru a Disambar 2024, babu mai cewa wannan matsalar Borno ce kaɗai.

Ka juya a hankali ka bi sawunka. Kada ka yanke ta cikin ciyawa don ka rage hanya. Idan da shanun huɗa kake, kada ka juya su ta kan wurin, ka ja su baya ko ka kwance garmar ka bar ta nan. Garma ana sayen wata.

Nisan da za a ba shi aƙalla mita 300 ne, wato tsawon filin ƙwallo uku. Idan akwai tudu ko katangar ƙasa mai kauri ko kwazazzabo, a sa shi tsakani. Sai ka yi wannan nisa sannan ka taɓa waya. Kada kuma ka koma don ɗaukar hoto, bayanin baki ya wadatar.

Mataki na uku: sa alama

Alamar ba a jikin abin ake sa ta ba, ba kuma kusa da shi ba. A kan hanyar da ka fito, can nesa, ka gicciye rassa biyu, ko ka tara duwatsu, ko ka ɗaura tsumma a reshe, ja idan da hali, domin a aikin kwance nakiya ja ne launin haɗari. Ka riƙe wata shaida a ka: itacen kaɗanya ko gawo da ke kusa, suri, iyakar gonar wane. A sami babban mutum ya tsaya daga nesa yana mayar da yara da makiyaya. Kada a ba yaro wannan gadi, zai je leƙe.

A nan zan ja kunnen manoma kan abu guda. Lokacin sharar gona muna tara kara da ƙaya mu cinna wuta. Gonar da aka daɗe ba a shiga ba, a zaga ta da ido tukuna, da rana tsaka, kafin a kunna ashana. Idan an ga wani abu, babu ƙona ko'ina a gonar sai an kawar da shi.

Mataki na huɗu: kai rahoto

Na san abin da ke hana mutane. Wani yana tsoron a ce nasa ne. Wani yana tsoron masu kai wa 'yan bindiga labari su ce ya kira soja. Tsoron nan ba na banza ba ne, kuma shi ya sa nake ba da shawarar kada mutum ya tafi shi kaɗai. Ka fara da mai unguwa ko mai gari, shi ya sanar da hakimi, a tafi ofishin 'yan sanda mafi kusa ko wurin sojojin da ke yankin tare da dattijo ɗaya ko biyu. Idan akwai Askarawa a garin, wato jami'an tsaron al'umma na gwamnatin Zamfara, su ma hanya ce ta isar da saƙo, amma aikin kwancewa ba nasu ba ne, ba na 'yan banga ba ne, ba kuma na tsohon sojan da ke unguwa ba ne, komai jarumtarsa. Rundunar 'yan sanda tana da sashe na musamman mai kwance bam da ake kira EOD, sojoji ma suna da injiniyoyinsu, kuma akwai birged ta 1 a Gusau. Inda akwai sabis, lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Bayanin da suke buƙata gajere ne: a ina yake kuma ta wace hanya mota za ta isa, girmansa da siffarsa, launinsa, ko da zobe da mariƙi, a fili yake ko rabinsa a binne, guda nawa ne, nisansa da gidaje ko makaranta ko rijiya, da kuma ko wani ya riga ya taɓa shi. Wannan na ƙarshe a faɗi gaskiya, domin ran wanda zai durƙusa a gabansa ya dogara da ita.

Wani lokaci ba a zuwa da wuri. Mu kwana biyu muka jira. A ci gaba da gadi, a ci gaba da tuntuɓa ta hannun hakimi. Gajiya da jira ba ta zama dalilin ɗauka a kai musu ofis a kan babur ba. Mutane sun sha yin haka da kyakkyawar niyya, kuma babu abin da ya fi shi haɗari.

Idan an riga an ɗauka, ko an shigo da shi gida

Wannan shi ne halin da na sami kaina. Abin da ya fara zuwa bakina tsawa ce, amma Allah ya sa na haɗiye ta, domin yaron da aka daka wa tsawa sakin abin hannunsa yake yi ko ya yi jifa da shi. Na ce masa, "Yauwa ɗana, tsaya nan inda kake. Durƙusa sannu. Aje shi ƙasa kamar ƙwai." Ya ajiye a kan rairayin zauren. Na kama hannunsa muka fita, muka fitar da matan gida da yara ta ƙofar baya, muka sanar da maƙwabta na dama da hagu su ma suka fice. An kashe wutar murhu kafin a fita. Zauren nan babu wanda ya sake shiga sai da jami'ai suka zo.

Kada a jefa shi a rijiya, ko masai, ko gulbi, ko tafki. Ruwa ba ya kashe shi, rani kuma zai fito da shi, ko masu yasar rijiya su ci karo da shi. Kada a binne shi, domin bana kai ka san wurin, baɗi wani ne zai sa kalme. Kada a yi ƙoƙarin mayar da fil ko ɗaure mariƙi ko kwance kan. Idan abin ya fara hayaƙi ko ƙara, babu sauran dabara sai gudu a faɗi ƙasa rub da ciki bayan wani abu mai kauri, ƙafafu suna fuskantar wurin, hannuwa a kan kai.

Masu gwangwan da maƙera

Ku ne kuka fi kowa kusa da wannan haɗari, saboda duk ƙarfen da aka tsinta a daji a hannunku yake ƙarewa, kuma aikinku duka da yanka da wuta ne. Buhun da yara suka kawo, kada a zazzage shi daga sama, kada a jefa shi kan sikeli. A buɗe a baje a hankali a fili, a duba da ido. Duk wani ƙarfe rufaffe wanda ba a ganin cikinsa, mai nauyi fiye da girmansa, mai fukafukai ko zobe ko ɗan bututu a ka, ba a buga masa guduma, ba a sa masa zarto ko wutar walda, ba ya shiga maƙera. Ko harsashin bindiga da ba a harba ba yana fashewa a wuta. Dillali kuma ya gaya wa yaransa a fili cewa ba ya sayen irin wannan ko nawa ne nauyinsa. Muddin ana biya, yara za su ci gaba da ɗaukowa.

Ranar da jami'ai suka zo, da abin da za a yi idan an ji rauni

Sau da yawa ba sa ɗauke shi, a wurin suke tayar da shi bayan sun kewaye shi da buhunan ƙasa. Namu sun fitar da shi bayan gari da kayan aikinsu saboda a cikin gida yake. A bi umarninsu, a kwashe dabbobi, a hana 'yan kallo da masu ɗaukar bidiyo. A sanar da gari tun da wuri cewa za a ji ƙara, domin a halin da muke ciki ƙarar fashewa kaɗai ta isa ta sa mutane su watse daji, mata masu ciki da tsofaffi su ji rauni wajen gudu. Kafin su tafi, a roƙe su su zaga sauran gonar.

Idan kuwa ƙaddara ta riga fata abin ya tashi da wani, kada a ruga gaba ɗaya, a duba ƙasa tukuna ko akwai na biyu. Mutum ɗaya ko biyu su shiga ta hanyar da aka san an taka. A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, ba sassautawa. Ƙarfen da ya shige jiki kada a zare shi, a naɗe kewaye da shi. Kada a zuba ƙasa ko toka ko man juye a rauni. Idan ƙuna ce mai fitar da farin hayaƙi, a rufe ta da jiƙaƙƙen tsumma a riƙa jiƙa shi har a isa asibiti. A nufi babban asibiti mafi kusa, daga can idan abin ya fi ƙarfinsu su tura Gusau, asibitin tarayya ko na ƙwararru na Yariman Bakura.

Yara kuma a koya musu tun kafin su gani. Bayan abin da ya faru, malamin makarantar allo na ƙauyenmu ya zana siffofin nan huɗu da gawayi a bangon zaurensa, mai kamar abarba, mai kamar ƙwai, mai kamar gwangwani, da mai wutsiyar kifi. Duk ranar Laraba kafin a tashi yakan nuna su ɗaya bayan ɗaya, almajirai su amsa da baki ɗaya: kar a taɓa, a koma baya, a gaya wa babba.